Hannun da Na Karɓa a Gindin Tsamiya

Jama'a, ni ba marubuci ba ne, firamare ma ban gama ba, direba ne ni tun ina da ƙarfina. Amma abin ga da zan faɗa maku, wallahi tallahi a kaina ya faru, wanda ya ga dama ya yarda.

Shekarun baya ina zaune Jega, sai anka haɗa ni da wata likita mai bincike, in riƙa kai ta rugage tsakanin Aliero da Maiyama. Aikinta kan ciwon saifa ne, wanda ke kayar da saniya lafiyayya rana tsaka, baƙin jini na fita ta hanci, ba ya daskarewa. Ta taɓa yi mani bayani a mota, ta ce ƙwayar cutar wani dafi take zubawa cikin jiki, shi ke bin sojojin jini ɗaya-ɗaya shina kashewa, kuma inda duk anka rufe mushen, ƙwayar na kwance cikin ƙasa kamar iri, shekara da shekaru tana jira. Ƙasar wuraren nan take ɗiba ta kai ɗakin gwaji. Ni ke haƙa, ita ke cika kwalabe. Dokarta ɗaya ce: safar roba ba ta barin hannu sai ita ta ce.

Ran nan munka je wata makiyaya gaba da Liba, ardon rugar ya kwatanta mana wata tsamiya inda anka taɓa rufe shanu tun shina yaro, amma ya ce shi ƙafarshi ba ta zuwa can. Ana gab da azahar, rana kamar ta fasa kai. Likita ta koma mota ɗauko kwalabe, ni ina duƙe da shebur, sai na ji an yi sallama bisa kaina.

Wani tsohon Bafillace ne, dogo, da malfa da sanda a kafaɗa. Ban ji takunshi ba, ga wurin fili ne fetal, amma ban kawo komai ba. Ya miƙo hannu. Na ɗaga nawa da safa na ce, "Baffa, a yi haƙuri, aiki nike."

Ya yi dariya ya ce, "Kai Kaɗo, haka ubanka ya koya maka? Ka gaida babba da jaka a hannu?"

To ku faɗa mani, wane ɗa ne zai bar hannun tsoho a sama? Na tuɓe safar na ba shi hannu. La ilaha illallahu! Sanyi kamar na tsoma hannu a randa. Ya riƙe, ya ƙi saki, sai na hangi wani baƙin miki a wuyan hannunshi, baƙi ƙirin kamar gawayi, gefe ya kumbura. Ya dube ni idonshi cike da ƙwalla ya ce, "Allah shi yi maka albarka. Na daɗe ina jira."

Ihun likita na ji daga baya: "Malam! Ina safarka? Mi kake yi haka?"

Na waiga na ce gaisawa nike da dattijo. Ta ce wane dattijo, tun daga mota take hange na tsaye ni kaɗai, hannu a miƙe. Na juyo, ba kowa. Ko sawu babu, sai nawa.

Ta wanke mani hannu da magani har sau uku tana faɗa. Kwana uku tsakani ƙaiƙayi ya fara a wuyan hannuna, daidai inda babban yatsanshi ya danna. Ya yi ƙurji, ya fashe, tsakiya ta yi baƙi, hannun ya kumbura har gwiwa, kuma abin tsoron ba zafi ko kaɗan. Da na nuna mata, wallahi ba ta ɓata lokaci ba. Ita da kanta ta ja motar zuwa asibiti, ta ce in dafin ya riga allura shiga jini, to sai dai addu'a. Kwanakin da na yi kwance ban san lissafinsu ba, matata dai ta ce har wasiyya na yi.

Bayan na tashi likita ta zo gaishe ni. Ta ce abin da sunka shafo daga mikina sun gwada, cutar ce, dafinta ya kashe dabbar da sunka gwada shi a kanta kafin la'asar. Amma ƙasar ramin da na haƙa, duk kwalaben, ba su samu komai ciki ba. Ta ce, "Ban san inda ka ɗauko ta ba." Na ce ni na sani.

Na koma wurin ardo na kwatanta mashi mutumin. Ya daɗe shina jan casbi, sannan ya ce ƙanen kakanshi ne. Shekarar da shanun sunka faɗi, akwai wata saniya da yake so ƙwarai, ya kasa rufe ta da fatarta, ya feɗe. Mikin ya fito mashi, mutane sunka tsorata. Ya riƙa bin bukkoki shina miƙa hannu a yi bankwana, kowa na noƙewa, har 'ya'yan cikinshi. Haka ya cika, hannu a miƙe. Can gefen tsamiyar anka rufe shi.

Na bar aikin. Tabon na nan, in damina ta faɗi sai ya yi sanyi kamar wani ya ɗora hannu a wurin. Yanzu ko a masallaci sai na kalli wuyan hannun mutum kafin in ba shi nawa, har ana cewa girman kai gare ni. Su ce.

Shawarata, dabba in ta faɗi haka nan da baƙin jini, kar ku yanka, kar ku feɗe, ku kira ma'aikatan dabbobi. In kuma mai sani ya ce kar a cire safa, to kar a cire, sallamar baki ta isa. Abu ɗaya dai ke hana ni sukuni har yau. Lokacin da tsohon nan ya sa mani albarka, wallahi da gaske yake, ba cuta ta ya nufa ba.