Zoben Aro Ya Kai Mu Dutsin-Ma

Kurfi

Ana idar da sallar asuba Gwaggo Binta ta buga mini ƙofa, ta ce in raka ta Dutsin-Ma wajen maƙeri. Ta ari zoben yakutu na aminiyarta Hajiya Delu ta je biki. Don ta mayar da shi fes, sai ta jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami ya kwana, yadda take yi wa tukwanenta. Da ta tsamo shi, jan dutsen ya yi fari-fari, duk zane. Zoben kuwa tsarabar Alhaji ce, marigayi mijin Delu, kuma a ranar za a mayar da shi. Na tausaya mata, amma dariya na cina.

Birchi

Mun samu ƙaramar mota, mu huɗu a baya da buhun gero a ƙafata. A shingen Birchi jami'i ya ga Gwaggo ta dunƙule hannu cikin mayafi.

"Hajiya, mi kika ɓoye?"

"Abin kunya ne, ɗana."

Bai ƙara tambaya ba, ya ɗaga mana hannu.

Dutsin-Ma

Hantsi ya yi muka isa. Na sha koko da ƙosai a tasha, Gwaggo ko ruwa ta ƙi. Muka sami wani maƙerin zinare a bakin kasuwa. Ya kafa ɗan madubinsa a ido, ya juya zoben a rana.

"Hajiya, wanga ba tsantsar yakutu ba ne. Fasasshen dutse ne aka cike tsagoginsa da gilas. Leƙa ki ga kumfar iska a ciki. Gilas ɗin ne tsami ya ci. Na asali ko wata ya yi cikin lemu ba abin da zai same shi."

Gwaggo ta fara murna, sai kuma ta tsaya. Yanzu ita za ta gaya wa Delu cewa Alhaji gilas ya kawo mata? A hanyar dawowa ta yi ta gwada kalaman ban haƙuri a kaina, har direba ya ce shi dai ya yafe.

Kurfi kuma

Bayan la'asar muka yi sallama gidan Delu. Gwaggo ta miƙa zoben, ta faɗi abin da ya faru. Delu ta duba, ta jefa shi cikin kwanon goro.

"Don wannan kika je har Dutsin-Ma? Ai wanda nake ba masu aro ne. Na Alhaji yana cikin akwati, ba ya fita."

Gwaggo ta gyara mayafi.

"Shekara talatin muna tare, Delu, ashe ni 'yar gilas ce?"

Mun iso gida lafiya kafin magariba, godiya ga Allah, godiya ga maƙerin da ya ƙi karɓar ko sisi. Yau kwana uku ke nan Delu na aiko da ban haƙuri, kuma ni ake aikowa.