Yadda Ladabi Ya Kusa Kashe Mini Uba

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ban ga ranar da zan manta da abin da na yi wa mahaifina a shekarar korona ba. Da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya, na kusa sa tsoho ya kwanta ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

Ni malamin firamare ne a Gashuwa. Da aka rufe makarantu na rasa waɗanda zan yi wa tsawa, sai na juyo kan mutanen gidana. Tun safe rediyo na kunne, waya na hannu, duk saƙon da aka turo a kan cutar sai na tsaya a tsakar gida na karanta shi da ƙarfi. Na kafa bokiti da sabulu a zaure, na sa maiɗakina ta ɗinka wa kowa takunkumi da ragowar atamfarta. Hannuwana kuwa, tsabar wanki, sun tsattsage kamar bakin fadama da rani. Maiɗakin tawa ta daina kirana Malam ta koma kirana Likita, kuma na san ba yabo ba ne.

Duk tsorona a kan Baba yake, tunda kullum rediyo cewa take tsofaffi cutar ta fi kayarwa. Na hana shi majalisa, na hana shi kasuwa, na kuma hana shi abin da ya fi so a duniya, wato zuwa Nguru. Baba Babarbare ne, ya yi shekaru yana kai bandar kifi can. Ya daɗe da barin sana'ar, amma kowane mako sai ya shiga mota ya je wajen amininsa, wani Bafillace dillalin shanu da muke kira Baffa. Kowa ya san wasan Barebari da Fulani, to su biyun nan sun kai shi inda ba a kaiwa. Tun ina ƙarami ban taɓa jin sun gaisa irin ta mutane ba. Baffa zai ce, “Kaɗo, warin kifinka ya riga ka isowa.” Baba zai ce, “Fulata, har yanzu ba a samu wanda zai rage maka hancin nan ba?” Haka za su yini suna yi, jama'a na dariya, su rabu kowa na rantsuwa ba zai ƙara kallon ɗan'uwansa ba.

Watan farko Baba ya yi mini faɗa. Wata na biyu ya daina. Kafin na uku ya ƙare, sai dai ka gan shi a kan tabarma yana kallon bango. Burabusko da miyar kifi, wanda da sai an ɗauke masa kwano, yanzu loma biyu zai yi ya ture. Na taɓa goshinsa har ya gaji da ni, babu zazzaɓi, babu tari. Na ce ya kira Baffa a waya mana. Ya ce, “Yaya zan zagi mutum ban ga hancinsa ba?”

Ni ma fa a lokacin na gaji, sai dai ban yarda na gaji ba. Abu kaɗan sai na hau mutane da faɗa. Akwai ranar da na yi wa akuyar maƙwabta masifa don ta yi atishawa a ƙofar gidanmu.

Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar mai ilimin rediyo. Na kira Baffa da kaina. Na ce masa Baba ba ya jin daɗi, ya rame, ba ya cin abinci. Na roƙe shi don Allah ya kira shi ya yi masa magana mai daɗi, kada ya tsokane shi ko kaɗan, domin masana sun ce mai damuwa lallashi yake so. Baffa ya tambaye ni, “Abin ya kai haka?” Ni kuma don ya ɗauki maganar da muhimmanci na ce, “Baffa, sai dai addu'a.”

Bayan la'asar wayar Baba ta yi ƙara. Na miƙa masa na tsaya kusa ina jiran ganin aikin maganina. Muryar Baffa ta fito a sanyaye: “Salamu alaikum, ɗan'uwa. Yaya jiki? Allah ya ba ka lafiya. Duk abin da na taɓa yi maka, don girman Allah ka yafe mini.”

Na ga Baba ya cire wayar daga kunne ya kalle ta, ya mayar. Ya ce, “Na yafe. Ni ma ka yafe mini.” Ya ajiye, ya gyara hularsa, ya dube ni ya ce, “To, Alhamdulillahi.” Ni wawa har na ji daɗi, na je na gaya wa maiɗakina cewa ilimi ya yi rana.

Washegari Baba ya fara rabon kaya. Tsohuwar komarsa ya ce a kai wa ƙaninsa. Babbar rigarsa ta sallah ya ce tawa ce, wai in sa a rage hannun. Ya tambayi inda aka ajiye farin yadin da ya saya tun bara. Abinci kuwa ko loma biyun ya daina, sai ruwa. Da na matsa masa, ya dube ni da idanun da har yau ban manta da su ba, ya ce, “Ɗana, ba sai ka ɓoye mini ba. Shekara arba'in Fulatan nan bai taɓa ce mini sannu ba. Ko dai an gaya masa tawa ta ƙare, ko tasa ce ta ƙare. Ko wanne ne, ni na shirya.”

Na rantse masa, na kawo hujjoji, na faɗa masa ni na shirya kiran. Ya yi murmushi ya ce ni ɗa ne nagari, mai son kwantar wa uba hankali. Na kira Baffa na ce ya dawo da zagin, ya ce Allah ya kiyaye ya zagi mutum a kan gargara. Ashe shi ma tunda ya ji Baba ya nemi gafararsa ya daina fita kasuwar shanu, yana zaune a gida yana jiran saƙon rasuwa.

Kusan mako biyu muna haka, tsoho na ƙarewa a gabana. Maiɗakina ce ta tsare ni a bakin murhu ta ce, “Likita, ka hana cuta shiga gidan nan, sannu da ƙoƙari. Saura ka hana Baba fita a makara. Ka nemi mota ka kai shi Nguru.”

Na yarda, amma da sharaɗi. Na ɗauko doguwar gorar da Baba yake tuƙa kwalekwale da ita a da, na sa aka ɗaure ta a saman mota, don ita za ta zama awon tazara tsakaninsu. Direba ya kalli gorar ya kalle ni, ya tambaya ko hanyar Jajimaji ruwa ya cinye ne bai sani ba.

A ƙofar gidan Baffa, ƙarƙashin dogonyaro, na shimfiɗa tabarma biyu, na kwantar da gorar a tsakaninsu. Baffa ya fito shi ma ya zabge, sai hanci. Suka zauna, kowa da takunkuminsa, na Baba mai furanni ja da ruwan ɗorawa. Sai suka shiga gaisuwa kamar surukai. Yaya gida, yaya iyali, yaya zafi, yaya haƙuri da jama'a. Maƙwabtan da suka taho jin zagi suka tsaya cirko-cirko, wani tsoho har ya fara share ido.

Can Baba ya yi ƙarfin hali ya ce, “Ɗan'uwa, faɗa mini gaskiya. Me likitoci suka ce maka?”

“Ni? Ni ko ciwon kai ban yi ba. Kai ne ɗanka ya ce sai dai addu'a.”

“Ni ma ko mura ban yi ba.”

Suka juyo gaba ɗaya suka zuba mini ido. Na yi shekaru ina tsayawa gaban aji, amma ban taɓa jin na zama ɗalibin da bai yi aikin gida ba kamar ranar.

Baffa ne ya fara. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Wato hawayen da na yi mako biyu ina zubarwa, asararsu na yi a kan mai warin kifi?”

Baba ya ɗago kai. Na ga idonsa ya kawo wani haske da na yi wata uku ban gani ba. “Kuka ka yi? Fulata, ni ka yi wa kuka? Jama'a ku shaida, bawana ya yi mini kuka!”

“Ƙarya kake, hayaƙi ne ya shiga idona! Kuma dubi abin da ka ɗaura a baki, zanen surukarka!”

“Yafewar da na yi maka a waya na janye ta!”

“Ni dama tawa ba ta kai zuci ba!”

Unguwa ta kaure da dariya. Aka kawo fura da nono a ƙwarya biyu. Baba ya ce nonon ya yi tsami kamar halin mai gidan, sannan ya sauke takunkumi ya shanye tas ya nemi ƙari. Ni ina gefe riƙe da kwalbar wanke hannu, sai Baffa ya nuna ni da sanda ya ce, “Kaɗo, ga mara lafiyar gidanka nan. Dubi hannunsa, ƙadangare ma ya fi shi laushi. Yaushe rabonka da dariya, kai yaro?”

Na buɗe baki in kawo hujja, sai dariya ta ƙwace mini. Na yi ta yi har na zauna a ƙasa, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Duk tsoron da na tara wata da watanni a ranar ya fita, kuma babu wanda ya lallashe ni. Baffa cewa ya yi a ba ni fura, ɗan Barebari yunwa ce ke sa shi kuka.

Daga ranar, kowane mako gora na saman mota. Ban bar wanke hannu ba, ban bar takunkumi ba, sai dai na rage rediyo, na bar wa likitoci aikinsu. Abin da na koya shi ne, kana iya tsare jikin mutum daga cuta ka bar zuciyarsa ta mutu da yunwa, kuma kowa da abin da ke riƙe shi a duniya, ko da kai a ganinka shirme ne. Na Baba zagin Baffa ne. Har gobe suna nan suna yi, kuma muddin ina jiyo su hankalina a kwance yake. Ranar da na sake jin sun gaisa da ladabi, ranar zan nemi likita na gaske.