Mutanen Arvid da Mutanen Duane

Yayana Arvid Lahti mutum ne mai sanyin hali a komai, in ban da abu ɗaya. Ka ce masa motarsa ta tsufa, sai ya ce da gaskiyarka. Ka ce kofin da ya dafa kamar ruwan wanki, sai ya yi murmushi ya ƙara maka. Amma ka kuskura ka ce akwai makaɗan rock, kiɗan nan na jita da ganga, da suka fi nasa, to ka janyo wa kanka, ranar ba za ka ci abinci da zafinsa ba.

Nasa 'yan California ne, samari masu haɗa muryoyi sama-sama, ɗaya kan ɗaya. Na mijina Duane Pruski kuwa 'yan Ingila ne masu gashi har kafaɗa, mai gangarsu yana duka kamar fatar ta zagi uwarsa. Sunayensu kowa ya sani, amma ni na hana a kira su a gidana tun wani bikin Godiya, na cin abincin iyali da ake yi shekara-shekara, da aka kaure da gardama, talotalo yana kan tebur har ya huce, mahaifiyarmu ta ɗauki jakarta ta tafi. Daga nan suka koma cewa "mutanena" da "mutanenka", har garin ya saba.

Arvid bai taɓa aure ba. Tun da ya bar makaranta yake aiki a injin niƙa dutse na ma'adinar ƙarfe, kamar yawancin mazan arewacin jihar Minnesota ta Amurka na zamaninmu, har ya yi ritaya. Ranar Lahadi yana cikin mawaƙan coci, shi ke ɗaukar siririyar muryar sama, ƙato da shi. Ina jin can ya samo son haɗin murya. Rayuwarsa ke nan: aiki, coci, kamun kifi, sai gardama da surukinsa. Ban taɓa jin ya ce wani abu ya rage masa ba.

Da hunturu, in tafki ya daskare ya zama ƙanƙara har mota ta iya hawa, sai su ja bukkarsu ta katako zuwa tsakiya. Rami biyu a daɓen da suka huda ƙanƙarar don zura igiyar kifi, ɗan murhu, da tsohuwar rikoda mai manyan lasifikoki da Duane ya kafe a ƙasa da ƙusa. Dokarsu ɗaya ce: wanda ya fara kama kifi, kaset ɗinsa za a sa, ɗayan kuma ya saurara yana kushewa. Nakan bi su wani lokaci da burodi mai nama da dankali a ciki, in zauna a kan bokiti ina shan kallo.

"Suruki, tsakaninka da Allah wannan waƙa ce?" in ji Arvid. "Na yi shekara da shekaru a gaban injin niƙa, ai ya fi wannan tsari."

"Kai dai faɗi, tsoho. Duk yaron da ya ɗauki jita a garejin ubansa bayan mutanena, ɗansu ne. Mutanenka wa suka haifa? Masu tallan man goge baki a talabijin!"

"Su suka koya wa duniya yadda ake jera murya. Naka ihu suka koyar, ihu kuwa ko jariri ya iya."

"Murya! Samari suna kuka a bakin teku don yarinya ta ƙi su."

Wata rana na gaji na ce musu, "Ku duka ku yi mana shiru. Naka da naka, a wurin tsofaffin makaɗa baƙar fata na jihohinmu na kudu suka kwaso rabin abin." Sai suka juyo tare suka ce ai sun sani, wa ya sa bakina? Ranar kaɗai na ga sun yarda da juna.

Haka muka tsufa, kuma ba na ƙorafi. Ni dai in na jiyo hayaniyarsu daga nesa, na san lafiya lau.

Injin niƙa kuwa bai bar Arvid haka ba. Aka fara da "Na'am?" da "Me kika ce?", sannan ya bar mawaƙan coci ba tare da ya gaya wa kowa dalili ba. Likita ya ba shi abin sawa a kunne. Ya ce mini, "Lorna, magana ina ji in an fuskance ni. Amma waƙa, kamar ana kaɗa cokula cikin gwangwani. Muryoyin saman nan sun tafi." Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin yanayi, ni ce na shiga bayan gida na yi kukana.

A hunturun bara, rannan shi ya fara kama kifi. Duane ya miƙa masa akwatin kaset yana shirin tsiya, sai Arvid ya ce, "Sa abin da ka ga dama." Asabar ta gaba ya ce ƙafarsa na ciwo. Ta gaba ya ce zai gyara famfo. Ruwa ba ya tsami banza, na san abin da ke faruwa: gardamar nan ita ke fito da shi daga gida, in ta mutu sai dai mu riƙa leƙa shi ta taga. Duane ma ya zama abin tausayi. Yakan je shi kaɗai, ya dawo da wuri, ya zauna yana bina da ido a kicin kamar kare da aka hana fita. Na ce ba zan iya da tsofaffi biyu masu zaman makoki alhali ba wanda ya mutu ba.

Na je gidan Arvid da safe na ce, "Yaya, sa takalminka."

"Ina da aiki."

"Famfon nan ka gyara shi sau nawa? Tashi, ko in kira fasto in ce ka fara shan giya da safe."

Ya biyo ni yana gunaguni. A bakin bukka ya taka ruwan da ya taru a kan ƙanƙara, ya shiga masa takalmi, dole ya cire ya jera su gefen murhu, ya zauna da safa a kan katako. Duane na ciki yana gadin raminsa. Can Duane ya ciro wani ɗan kifi da bai kai tafin hannu ba. Ya dube ni, na harare shi, sai ya sa mutanensa, ya murɗa ƙarar har bokitina na rawa.

Ina kallon Arvid. Da farko ko a jikinsa. Sai na ga ya dubi ƙafafunsa, ya shimfiɗa su sosai a kan daɓen. Yatsunsa suka fara motsi cikin safa. Gangar tana bin katakon tana shiga masa ta tafin ƙafa. Ya rufe ido, bai buɗe ba sai da waƙar ta ƙare.

"Duane," ya ce. Ba suruki ba, Duane. "Mai gangar nan ba duka kawai yake yi ba. Yana jan baya kaɗan, sannan ya faɗo. Ban taɓa lura ba." Ya ƙara da cewa, "Nawa sun bar ni, naka ne suka iso inda nake. Ka ci gardama. Mutanenka sun fi."

Abin da Duane ya yi kusan rabin rayuwarsa yana jira ke nan. Na zaci zai yi tsalle. Sai na ga fuskarsa ta yi ja, ya kashe rikoda, ya matso har hancinsu ya kusa haɗuwa don Arvid ya ga bakinsa.

"Ban karɓa ba! Sun fi wa? Ganga ce waƙa? Ko biri ka ba sanda zai buga!"

"Kai ne fa ka ce..."

"Na ce, ƙuruciya ce! Ka san wahalar jera murya biyar ba wadda ta taka wata? Mutanen California su ne iyayen kowa!"

Arvid ya kalle shi. Sannan na ga gefen bakinsa ya motsa. "Samari masu kuka a bakin teku?"

"Wanke bakinka kafin ka kira su!"

Aka dasa daga nan. Kifi ya ja igiyar Arvid ya gudu da ƙugiya, ba wanda ya kula. Burodina ya huce, karo na farko ban ji haushi ba.

Yanzu kowace Asabar suna can, Arvid da safa a kan katako yana kare 'yan Ingila, Duane yana tsaga maƙogwaro a kan 'yan California. Na ɗauka wasa ne kawai don a riƙa fito da Yaya daga gida. Sai kwanan baya na shiga gareji neman tsintsiya, na tarar da Duane zaune cikin mota shi kaɗai, kaset ɗin Arvid yana juyawa a hankali, muryoyin nan suna hawa ɗaya kan ɗaya. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce, "Malam, ba kowa a nan, wa kake ruɗa?"

Ya sauke gilashin, bai dube ni ba.

"Rufe ƙofar garejin, Lorna, sanyi na shigowa," ya ce. "Dole wani ya riƙa ji masa su."