Ranar da Aka Jira Yayana a Bakin Kabari

Shekarun baya, yayana ya tafi yankan riɗi a manyan gonakin Damazin, ya dawo mana da shan aragi, giyar dabinon nan mai ƙona hanji. Kafin a ankara gonarsa ta zama ciyawa, matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, idanunsa suka yi ɗorawa. In maza sun fito da abinci ƙofar gida, ba mai matsa masa wuri a tabarma. Ni kuwa wa'azi nake masa safe da yamma, ina jin kaina babban malami, alhali izu biyu ne kacal a kaina.

Ranar da mahaifinmu ya rasu, da hantsi, a gindin wata bishiya bakin kogi aka samo yayana a buge, ko tsayuwa ba ya iyawa. A ƙauyenmu, kusa da Abu Hujar, ɗan fari ne ke shiga kabari ya karɓi ubansa. Kunya ta rufe ni, na ce ni zan shiga, a bar shi inda yake.

Kawunmu, wan mahaifiyata, ya ce, "Kai ɗan fari na? Ba mai karɓar tsohon ga sai shi."

Na ce, "Kawu, ga rana, ga mutane na jira."

Ya ce, "Su jira. In munka rufe ba shi, mutum biyu munka rufe. Halas, magana ta ƙare."

Shi da kansa ya kai shi bayan gida ya yi ta kwara masa ruwa, ya sa aka dafa masa gahawa mai ɗaci, ya zauna gabansa har hankalinsa ya dawo. Dattawa suna ta gunaguni, liman yana duban rana. Sai bayan la'asar yayana ya yi wanka da alwala, ya sauka kabarin. Da ya kwantar da Baba, ya daɗe bai ɗago ba.

Ba zan ce daga ranar ya daina ba, ya koma ya sake komawa. Amma shi ya nemi a kai shi asibitin Sinnar, inda likita ya ce hantarsa ta taɓu, saura ƙiris. Yanzu yana noman albasa, matarsa ta dawo, sai dai har yau ba ya iya cin abu mai maiƙo.

Kawu ya rasu ban taɓa yi masa godiya ba, abin yana damuna. Ni mutuncin gidanmu nake karewa ranar, shi kuwa ɗan ƙanwarsa yake cetowa. Da an bi tawa, da yau ba ni da wa. Allah ya jiƙan Kawu.