Kakata a Cikin Yariko

Shekarun baya, tun ba a yanka mana Jihar Neja ba, ina sabon malamin firamare a Kontagora, na shirya wani wasan kwaikwayo a cocinmu wanda har yau in na tuna shi kaina ɗaurewa yake yi.

Kakata ce ta raine ni, a wani ƙauye can bayan Rijau, don mahaifiyata ta rasu ina goye. Ni na shiga makarantar mishan aka yi mini baftisma, ita kuwa tana nan kan addinin iyayenta, ba ta taɓa taka ƙofar coci ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ta tsufa tukuf, ni kuma tsorona kada ta mutu ba a yi mata baftisma ba. Duk hutu sai na dame ta da wa'azi, ita kuma ta ce, "Malam, ci tuwonka tukuna." Shekara uku ina naci. Ran nan dai ta gaji, ta ce za ta zo ta ga ɗakin sujadar nan tamu sau ɗaya. In abin ya kwanta mata, ta yarda a tsoma ta a ruwan.

Na ce to, lallai ta ga abin da zai girgiza ta. Ranar godiyar girbi ta matso, sai na sami fastonmu na ce matasa za su yi wasan faɗuwar Yariko, birnin nan mai ganuwa da Littafi Mai Tsarki ya ce Isra'ilawa sun zaga shi kwana bakwai, suka busa ƙaho, suka yi ihu, garun ya zube. A tunanina da tsohuwa ta ga ikon Allah da idonta, magana ta ƙare. Ni na rubuta wasan, ni na raba wa kowa aikinsa, kuma saboda tsabar tawali'u na ba kaina jagoran yaƙi.

Har wurin ragowar tsohuwar ganuwar gari na kai matasan, wai don su san abin da ake kira garu. Namu dai na zana muka yi. Muka kafa itatuwa a filin coci, muka kewaye da zana kamar ɗan gari, muka yaɓa jar ƙasa, muka ɗaura igiyoyi yadda samari huɗu za su fizga lokaci guda komai ya rufta ciki. Wani mahauci maƙwabcina ya ba mu ƙahonin shanu, yana tambaya ko farauta muka koma. Kowa cikin matasan Ba'isra'ile yake son zama, ni kuma na bar su.

Kakata ta iso ranar Asabar a bayan motar hatsi, da sandarta da ƙullin kayanta. Lahadi bayan sujada aka fito fili. Matan zumunta suka ba ta kujera a gaba, ta ƙi, ta zauna a tabarma.

Muka fara. Ni ne a gaba da takobin katako, masu ƙaho na bina, sai masu ɗauke da akwatin alkawari, wanda a gaskiya akwatin littattafaina ne muka rufa da farin ƙyalle. Zagaye shida muka yi shiru, kowane zagaye a matsayin kwana guda. Duk na zo ta gabanta sai na saci kallonta, amma ban karanci komai a fuskarta ba. Da muka shiga kwana na bakwai aka saki ƙahoni, jama'a suka miƙe da murna. Sai na ga kakata ma ta dafa sanda ta tashi. Na ɗauka bayan gida za ta. Ina kallo ta ratsa layinmu a hankali, ta sami inda zana biyu suka haɗu, ta tura ta shige cikin Yariko.

Ƙahonin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Masu igiya suka zuba mini ido, don abin da ya rage kawai in ce a yi ihu su fizga. Wasu sun ɗauka cikin wasan ne, har da tafi. Fasto ya matso ya ce a hankali, "Malam, wannan yana cikin tsarin?"

Na ce, "Baba Fasto, ni ma ban sani ba."

Na kutsa ciki da takobina. Na same ta zaune a ƙasa a tsakiya, ta miƙe ƙafafu, sandar a kan cinya.

"Kaka, don Allah fito. Rushe shi za mu yi."

Ta ce da yarenmu, "Na sani. Ku rushe."

"Ai a kanki zai faɗo!"

"Da ma haka yake faɗowa." Ta waiga dama da hagu. "Ina mutanen garin?"

"Wasa ne, Kaka. Ba kowa a ciki."

"Shi na gani. Kuna ta zagaye gari ba kowa, kuna murna. Na ce bari in shigo, ko mutum ɗaya a samu."

Na ce a raina shi ke nan, rikicin tsufa ya tashi, kuma bai tashi a ko'ina ba sai a gaban jama'a. Na roƙa, na lallaba, na ɗaga murya, ko gezau. Fasto ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya fita ya tayar da waƙa, ya rufe taro da addu'a. A tarihin duniya ina jin mu kaɗai ne muka zaga Yariko har kwana bakwai muka watse muka bar garun a tsaye. Matasa suka yi fushi, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Da la'asar a ɗakina ina ta cika ina batsewa. Ita ta fara magana. Ta ce tana yarinya, haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba, ƙauyensu yana da garu na ƙasa da ƙaya. Mahara suka zo suka kewaye su kwana da kwanaki, suna zagayawa suna busa ƙaho. Ta ce ba yunwar ce ta fi damunsu ba, jiran ne, kana jin sawun mutane ta bayan garu ba ka san ta ina zai fashe ba. Ranar da ya fashe, uwarta ta jefa ta cikin rumbu ta rufe. Da ta fito washegari ba uwar, kuma ba ta sake ganinta ba. Shekara ashirin da wani abu ina cin tuwon matar nan, ban taɓa jin wannan labari ba.

Sai ta ce, "A littafin naku, da garun ya faɗi, me aka yi wa na ciki?"

Na yi saurin cewa akwai wata mace da aka bari da ranta, ita da 'yan gidansu.

"Sauran fa?"

Na san amsar, don ni na tsallake wurin lokacin da nake rubuta wasan. Na ce an kashe su duka, manya da yara.

"Kuma Allah yana tare da na waje?"

"Haka aka rubuta, Kaka."

Sai ta ce, "To je ka tambayo mini. Ranar da aka tafi da uwata, yana wane gefe? In ka samo, ka zo, zan shiga ruwan."

Na tambaya kuwa. Fasto ya ce mutanen Yariko mugaye ne, an daɗe ana haƙuri da su. Wani Baturen mishan ya ce al'amuran Allah sun fi ƙarfin tunaninmu, ya ara mini littafi mai kauri. Wani dattijo ya ce in daina tone-tone. Amsoshin suna da kyau a takarda, har nakan ji na gamsu. Amma da na gwada juya su zuwa yarenmu, na tuno fuskarta, sai in ga ba zan iya buɗe baki in faɗa ba. Na je gida hutu sau uku, ban tayar da maganar ba, ita ma ba ta tayar ba.

Damina ta biyu aka aiko jikinta ya yi tsanani. Na biya na ɗauki mai bisharar ƙauyenmu daga gonarsa. Ya ce in ta amsa da bakinta, ko yayyafi ne a yi mata. Ya tsaya a ƙofa da ƙwaryar ruwa, ni na shiga. Ta buɗe ido ta gane ni.

"Malam, ka samo?"

Wallahi na so in ce e. Na san ba za ta tsananta bincike ba, ba ta da sauran ƙarfin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ban samo ba, Kaka."

Ta yi ɗan murmushi. "Yawwa. Da ka ce ka samo, da na san maƙaryaci na raina. Sallami bawan Allah ya koma gonarsa, ka zo ka zauna."

Kafin faɗuwar rana ta cika, aka binne ta bisa al'adar iyayenta.

Yau ni dattijo ne a coci, ban bar addinina ba, kuma amsar har yanzu ban same ta ba. Waɗanda na ba wa labarin sukan tambaye ni ko na yi nadamar ƙin yin ƙaryar nan. Wata rana in ce na yi, wata rana in ce ban yi ba, kuma duk biyun da gaske nake. Abin da na sani dai, ruwan yana bakin ƙofa, kalma ɗaya ta rage tsakanina da abin da na fi so a duniya, na kasa faɗinta. Ita kuma ta mutu riƙe da hannuna, tana alfahari da ni saboda na kasa.