Rakun Mai Fenti a Jela

Shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanina da Oleta Scoggins a bakin kogin Clinch, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Abin tsoron ke nan. Ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa 'yan makaranta abinci, ta binne miji, ba ta haihu ba. In ka yi mata alheri, za ka ci kek ɗin tuffa har ka ƙoshi. In ka taka ta kuwa, sai ta yi maka murmushi, ta ajiye ka a ranta.

Ranar da aka raba gadon mahaifiyarsu, ƙanenta Delbert ya kwashi gona da tarakta a hayin kogi. Ita ta ce a bar mata kajin kawai. Wake-wake ne, irin da tsohuwar ta zo da shi gidan aure cikin kwando. Shekara ashirin Oleta tana riƙe da irin nan, ba ta taɓa bari baƙon zakara ya leƙo akurkinta ba. A bazarar da nake ba ku labari, kaji goma sha ɗaya gare ta da zakara guda.

Sai wani rakun ya fara zuwa, dabbar dawan nan ta wajenmu mai girman babbar kyanwa da jela zobe-zobe, ɓarawon kaji da dare. Duk bayan kwana biyu, da safe sai ta tsinci gawa a jikin ragar waya, an fizge kai an bar gangar jiki. Zakaran ne na farkon da ya kashe. Oleta ta kafa tarkon keji, ta zuba kifin gwangwani. Gari ya waye, kifi babu, ƙofar keji a buɗe yadda ta bar ta. Shegen ta gefe yake zura hannun nan nasa mai kama da na jariri, ya kwashe abinsa.

"Nadine," ta ce da ni, "wannan ya taɓa zaman kurkuku. Wani ne ya kama shi ya saki."

A wajenmu ko yaro ya san wannan: abin da ka kama, kai za ka ƙarasa shi. Rakun ɗin da ya shiga keji ya fita da rai ba ya sake shiga, ka dai koya masa wayo ne ka tura wa wani.

Cikin mako uku kaji suka koma guda, Pearlie, wadda ke kwanci kan ƙwai tara na marigayi zakara. A ƙwan nan irin ya rage kaf duniya. Na ce ta shigar da ita ɗaki. Ta ce kaza mai kwanci in ka ɗaga ta sai ta yar da ƙwan. Ta ƙara waya, ta sa sakata, ta aika a kawo mata tarkon bututu, wanda ke cafke hannu in an zura.

Ran Lahadi muna cin abinci bayan coci, Delbert ya buɗe baki. Dattijon coci ne, mai tumbi da saurin hawaye.

"Ni fa ba na iya kashe halittar Allah," in ji shi, yana yagar burodin masara. "Rakun ɗin da ya dame ni a gonar masara, da na kama shi a keji, jelarsa na fesa wa fentin da nake yi wa itacen sara alama da shi, don in gane shi in ya dawo. Na tsallaka gada da shi na sake shi. Har yau shiru."

Daga gadar nan zuwa akurkin Oleta ba a kai tafiyar minti biyar. Na ji kamar in kife masa kwanon wake a ka. Ita kuwa cewa ta yi, "Kai dai akwai tausayi, Delbert. Ƙara shayi?"

"Zuba mini, Yaya."

Tarkon ya iso ran Laraba da hantsi. Ya makara da kwana ɗaya. Da safen nan ta tarar an zare sakata, gashin Pearlie ko'ina, ƙwai tara duk an fasa an shanye. Na same ta zaune kan bokiti tana tattara ɓawon a zanin gabanta. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, kuma wallahi na tsani Delbert a ranar.

Ta kafa bututun a bakin akurkin da babu kowa ciki, ta cusa farar alewa mai laushi. Ran Asabar da asuba na ji bindigar babansu, sau ɗaya tak.

Ran Lahadi Oleta ta zo da babbar tukunya, nama da dankali mai zaƙi, an dafa an gasa yadda tsofaffinmu ke yi. Ta hana kowa taɓawa, ta ce na ƙanenta ne. Delbert ya cinye faranti, ya miƙo aka ƙara.

"Yaya, rabona da ɗanɗanon nan tun Mama na da rai. Naman mene ne?"

Oleta ta buɗe jakarta, ta fito da jela mai zobe-zobe, fenti ruwan goro har yanzu a jikinta. Ta shimfiɗa ta gefen farantinsa, ta gyara mata zama kamar cokali.

"Baƙon da ka aiko mini ne," ta ce. "Kajin Mama duka suna cikinsa, har da ƙwan. Na ga ranar rabo ba ka samu ko ɗaya ba. Cinye, kai ma ɗanta ne."

Delbert ya kalli naman. Ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, har sai da ya share farantin.

Bayan sati ya kawo mata 'yan tsaki ashirin farare cikin kwali. Ta ce ya mayar da su hayinsu. Ya sake kawowa, ta sake korar sa. Yau shekara shida ke nan. Suna gaisawa a coci, tana zuba masa shayi, tana tambayar ciwon gwiwarsa. Jelar tana kafe da ƙusa a ƙofar akurki, daidai inda zai gan ta duk lokacin da ya sauko daga gada. In fentin ya koɗe, sai ta ƙara fesa mata.