Kabarin Baba da Ƙanƙarar Arewa

Wata Alhamis cikin zafin Mayu, ina aji biyar a wata firamare ta unguwar Ard al-Liwa a Alƙahira, malamarmu Abla Samira ta shigo rungume da ƙaton dunƙulen ƙanƙara a cikin tasa. Ni kuwa ƙanƙara ba baƙuwata ba ce. Kullum ni ke ɗauko ta daga shagon kan kwana, ina kauce wa 'yan tuk-tuk, masu babur mai ƙafa uku, don Mama ta sanyaya zoɓon da take sayar wa ɗalibai 'yan gida da suka zo karatu daga wajenmu Katsina. In na tsaya tsallen igiya da yaran Sudan, rabi ya narke a jikina, in sha faɗa. Da Abla ta zuba ruwan gishiri mai ɗumi ya rufe gindin ƙanƙarar, ta tambayi ta inda za ta fara narkewa, ni sarkin baki na riga kowa cewa ta sama. Ina! Muna kallo ruwan ya rarake ta ta ƙasa, samanta ko gezau, sai ɓangare guda ya ɓalle, tsulum.

Abla ta ce haka ake yi a can ƙurewar arewacin duniya, inda ƙanƙara ke gangarowa a hankali tsakanin duwatsu kamar kogi, har ta tsoma ƙafa a wani siririn lungun teku. Ruwa mai ɗumi ya biyo ta ƙasa ya ci gindinta, ta gaba ta karye, ta baya ta ƙara gudu. Duk ruwan nan cikin teku yake shiga, tekun kuma yana tasowa, har zai hau ƙasarmu ta wajen garin Rashid da ke bakin teku.

A wani ƙauye kusa da Rashid aka binne Babana, inda ajali ya riske shi yana koyar da Alƙur'ani. Saboda kabarin nan Mama ta ƙi komawa Katsina, kawunnaina sun yi lallashi har sun gaji. Na iso gida a guje, ko takalmi ban cire ba na zayyana mata. Ta saki ludayi cikin tukunya tana salati. "Ƙanƙarar wata ƙasa ce za ta cinye min kabarin Malam?" Ta ce ƙarya ne, khalas, magana ta ƙare. Amma gari na wayewa muka hau jirgin ƙasa zuwa Rashid. Kabarin na nan a bushe, sai dai gonar da ke jikin maƙabartar ta yi fari fat da gishiri, mai ita yana tsugune yana murza ƙasar a hannu. Ya ce ruwan teku ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙasa, daga nan Mama ba ta sake cewa ƙarya ne ba.

Yanzu tsufa ya mayar da ita Katsina, ni na rage a Alƙahira. Gonakin Rashid da na sani shar da shinkafa sun zama tafkunan kiwon kifi. Duk sanda na je ziyarar kabarin sai ta kira, ko gaisuwa ba ta bari mu gama: "Ruwan ya kai?" In ce mata bai kai ba, Mama. Kalmar "tukuna" kuwa, ni kaɗai nake haɗiye ta.